INSELBERG: TARIHIN KALMAR DA TURAWA KE KIRAN DUWATSUN KAJURU DA ITA

 

Makon jiya 'yata da ke aji biyu na babbar sakandare ta same ni da littafin darasin labarin ƙasa a hannu, ta ce, "Baba, mene ne inselberg? Malam ya ce mu haddace ma'anarsa, yana fitowa a jarrabawa." Na karɓi littafin na duba. An yi bayanin kalmar a layi biyu, aka sa hoton wani jan dutse na ƙasar Ostareliya a ƙasansa. Na ce mata ta sa takalminta. Muka fita bakin titi, na nuna mata ƙaton dutsen nan mai santsi da take wucewa kullum in za ta makaranta, na ce, "Ga shi nan." Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Baba, wannan ai dutse ne kawai."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Yarinyar da aka haifa a gindin dutse tana haddace sunansa daga hoton wata ƙasa, ba ta san shi ake nufi ba. Shi ya sa na zauna na tattara abin da na sani game da kalmar, domin tarihinta ya ratso ta ƙasarmu fiye da yadda yawancinmu muke zato.

MA'ANAR KALMAR

Duk da cewa a darasin Turanci muke haɗuwa da ita, kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Jamusanci ce, kuma kalmomi biyu aka haɗa. Insel na nufin tsibiri, Berg kuma dutse ko tsauni. In aka fassara kai tsaye sai a ce "dutsen tsibiri". A bakinmu takan fito kamar "insalbag". Wannan berg ɗin shi ne dai wanda ke ƙarshen kalmar iceberg, wato tsaunin ƙanƙarar da ke yawo a teku, shi ya sa yara kan rikita su a jarrabawa.

Abin da ake nufi shi ne dutsen da ya tashi tsaye shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba tare da ya jingina da jerin tsaunuka ba. Kana tafiya a sarari, gona da daji ko'ina, kwatsam sai ga shi ya miƙe kamar an ɗauko shi daga wani wuri an ajiye. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Kachiya da sassafe a ƙarshen damina, lokacin da raɓa da hazo suka kwanta a kan gonaki kawunan duwatsu kaɗai ke leƙowa, ya san dalilin da ya sa aka kwatanta su da tsibiri a tsakiyar ruwa.

Ba kowane tudu ne ya cancanci sunan ba. Sharuɗɗan biyu ne: ya tsaya shi kaɗai, kuma ya tashi farat ɗaya daga sarari. Don haka Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja, wanda aka taɓa sa hotonsa a bayan takardar naira 100, shi ne misalin da ya fi fitowa fili a Najeriya. Haka Dutsen Aso a Abuja, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara. Amma tsaunukan Kagoro da ke kallon Kafanchan jeri ne mai tsawo da ke gefen tudun Jos, don haka lissafinsu daban ne.

WANDA YA ƘIRƘIRO TA

Kalmar ta shiga littattafan ilimi a shekarar 1900, ta hannun wani Bajamushe masanin duwatsu da ma'adinai mai suna Wilhelm Bornhardt. A tsakiyar shekarun 1890 ya yi yawon bincike a yankin Gabashin Afirka da Jamus ke mulka a lokacin, inda yau ake kira Tanzaniya. Can ya ga irin waɗannan duwatsu tsaitsaye a sarari, irin da bai saba gani a ƙasarsu ba, sai ya kira su da wannan suna a littafin da ya wallafa kan yanayin ƙasar. Masanan Ingila da na Faransa suka ari kalmar yadda take, ba su fassara ta ba. Shi ya sa ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram da ke karatu da Faransanci, da ɗalibi a Kajuru da ke karatu da Ingilishi, duk kalma ɗaya suke haddacewa.

Wani abin sha'awa shi ne daga baya sunan mutumin kansa ya zama kalma. A shekarun 1930 wani masani ɗan Amurka, Bailey Willis, ya ba da shawarar a riƙa kiran irin dutsen nan mai sanƙo, mai kai kamar an kifa ƙwarya, da sunan bornhardt. Har yau haka masana ke kiransa. Yawancin manyan duwatsun da ke kewaye da mu wannan iri ne.

Sauran ƙasashe ma suna da nasu sunayen. A Amurka sukan ce monadnock, daga sunan wani dutse a jihar New Hampshire, sunan kuwa daga harshen mutanen asalin wurin ne. A kudancin Afirka sukan kira ƙananan da kopje, daga harshen Turawan Holan, ma'ana "ɗan kai". Ku lura da wannan: a Amurka sunan da 'yan ƙasa suka ba dutsensu ne ya shiga ƙamus ya zagaya duniya. Mu namu sunayen ba su samu wannan gatan ba.

INDA ƘASARMU TA SHIGO

Bornhardt ya ba da suna, amma tambayar da ta fi wuya ta rage: yaya aka yi dutse ya tsaya shi kaɗai haka? Masana sun daɗe suna jayayya. Wasu suka ce teku ce ta taɓa rufe wurin ta cinye gefensa. Wasu suka ce iskar hamada ce ta kankare ƙasar da ke kewaye.

Bayanin da ya fi karɓuwa a yau daga Arewacin Najeriya ya fito. Wani ɗan Sikotland mai suna J. D. Falconer ya yi shekaru yana zagaya Arewa a kan doki, a aikin binciken ma'adinai da gwamnatin mulkin mallaka ta yi tsakanin 1904 da 1909. A 1911 ya fitar da littafi kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa. Shi ne kuma ya zama shugaban farko na hukumar binciken ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1919. A littafin nan ya kawo ra'ayin cewa ana gina irin wannan dutse ne a mataki biyu, kuma matakin farko a ƙarƙashin ƙasa yake faruwa, inda ido ba ya gani.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasarmu, wanda ake kira giranit, narkakken dutse ne da ya huce a hankali can cikin ƙasa. Masana sun ƙiyasta shekarun irin na yankinmu da kusan miliyan 600. Falconer ne ya raba giranit ɗin Arewa gida biyu, tsoho da sabo. Tsohon shi ne irin na Kajuru da Zariya da Abuja, sabon kuwa shi ne irin na Jos mai ɗauke da kuza. To shi wannan dutse ba ko'ina yake a dunƙule ba. Wani wuri yana da tsaga da yawa, wani wuri kuwa a haɗe yake kamar ƙarfe. Ruwan sama yakan bi tsagar nan ya sauka, kuma a ƙasa mai zafi da damina irin tamu, ruwan yakan ruɓar da dutsen a hankali har ya zama yumɓu da yashi. Inda tsaga ta yi yawa, ruɓar takan yi zurfi ƙwarai. Inda babu tsaga, dutsen yakan tsaya da ƙarfinsa a binne. Wannan shi ne mataki na farko.

Mataki na biyu shi ne lokacin da koguna da zaizayar ƙasa suka yi ta kwashe ruɓaɓɓen, shekaru bayan shekaru, har mai ƙarfin ya fito fili. Ke nan dutsen bai tsiro daga ƙasa ba. Ƙasar ce ta sauka ta bar shi a tsaye. Ra'ayin nan bai samu karɓuwa nan da nan ba, sai a shekarun 1950 da 1960 da wasu masana suka sake dubawa, ciki har da Michael Thomas wanda ya yi nasa binciken a kan duwatsun Najeriya.

In kuna son shaida, ku tambayi masu haƙa rijiya ko masu rijiyar burtsatse. Kowa a cikinsu ya san cewa a gida ɗaya za a yi 'yan gabobi kaɗan a ci karo da dutsen da ba ya fasuwa, a maƙwabta kuwa a yi ta nutsawa cikin ruɓaɓɓen dutse mai laushi har a samu ruwa. Wanda ya ci karo da dutsen nan, kan wani inselberg ya taɓa wanda bai fito ba tukuna. Abin da Bature ya rubuta a 1911, mahaƙan rijiyarmu sun san shi da hannunsu, illa dai ba wanda ya tambaye su.

Wannan bayanin ne kuma ya warware wasu abubuwa biyu da muke gani. Ɓawon da ke ɓarewa daga jikin dutse falle-falle kamar albasa, yana faruwa ne saboda nauyin ƙasar da ta danne shi a da ya tafi, sai ya saki jiki ya tsage. Manyan ƙwallayen duwatsu da ke ɗore kan juna kamar wani ya jera su kuwa, ragowar gutsattsarin da ruwa ya ci gefensu ne tun suna binne, da aka kwashe ƙasar sai suka zauna a kan juna.

ABIN DA KALMAR BA TA FAƊA BA

Tsibiri wuri ne da aka yanke daga mutane. Matafiyin da ya hango dutse daga nesa zai iya ganinsa haka. Amma ga waɗanda suka zauna a ƙasar nan, dutse shi ne tsakiyar gari.

Dalili na farko ruwa ne. Ruwan da ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake ya taru a gindi. Shi ya sa gindin dutse ke da danshi da manyan itatuwa da idon ruwa, ko da rani. A samansa ma akwai ramukan da ke riƙe ruwa bayan damina. Ga wurin shanya hatsi, ga dutsen niƙa, ga inda za a hango abin da ke tafe tun daga nesa. Ku duba manyan biranen ƙasar Hausa. Kano ta tashi a gindin Dala. Sarautar Zazzau ta zauna a Turunku kafin ta koma wajen Kufena a ƙarni na 16, kuma duka biyun gindin dutse ne. Akwai Dutse a Jigawa, akwai Dutsin-Ma a Katsina. A kudancin Kaduna kuwa, mutanen da suka ƙera gumakan yumɓun Nok sun zauna a wannan ƙasa mai duwatsu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce.

Dalili na biyu tsaro ne, kuma a nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. A ƙarni na 19 Kajuru na cikin ƙasashen da ke biyayya ga Zazzau, kamar Kauru da Jama'a da Keffi. Harajin da irin waɗannan ƙasashe ke kaiwa Zariya ya haɗa da bayi, kuma ana samo su ne ta hanyar kai hari kan ƙauyukan da ba su da ƙarfin kare kansu. Al'ummomi da dama na wannan yanki, Adara da Gbagyi da sauransu, sun tsira ne ta hanyar komawa kan duwatsu da cikin koguna, inda doki ba ya iya hawa. Mutanen Kagoro sun riƙe tsaunukansu ba a ci su da yaƙi ba har Turawa suka zo. Bayan Turawa sun kama Zariya a 1902 aka hana harin bayi, sannan hukuma ta riƙa matsa wa mazauna duwatsu su sauko sarari, inda ya fi sauƙin ƙidaya da karɓar haraji. Da jirgin ƙasa ya haɗa Kaduna da Kafanchan a 1927, kasuwa da hanya suka ƙara janyo mutane ƙasa.

Na san wani zai ce a bar kaza cikin gashinta. Amma maƙwabcinmu da kakansa ya kwana a kogo bai manta ba, kuma in ya dubi dutsen nan ba abin da muke gani yake gani ba. A wurinsa akwai kufan gidan kakanni, akwai kaburbura, akwai wuraren da ake girmamawa. Mu da muka ga abin da ya faru a Kasuwan Magani a watan Oktoban 2018, da abin da ya biyo baya a ƙauyukan Kajuru a 2019, mun san tsadar zama da mutum ba tare da sanin abin da ke ransa ba. Sanin tarihin dutsen da muke kallo tare ba zai warke komai shi kaɗai ba, amma yana rage jahilcin juna, kuma jahilcin juna ne itacen da wutar fitina ta fi ci.

BAJAMUSHE YA DAWO KAN DUTSEN

Akwai wani abin mamaki a labarin nan. Kalmar daga Jamus ta fito, sai kuma ga shi abin da ya fi sa a san sunan Kajuru a duniya gini ne da wani Bajamushe mazaunin Kaduna ya yi a shekarun 1980. Ya ɗora shi a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan, ya gina shi da giranit ɗin wurin, a fasalin gidajen sarakunan ƙasarsu na zamanin da, da hasumiya da katanga mai kauri. Daga Kaduna tafiyar kusan kilomita 45 ce. Duk wanda ya karanta bayanin wurin da Turanci zai ga kalmar inselberg a ciki, domin ita ake amfani da ita wajen kwatanta duwatsun da ake hangowa daga samansa.

Abin lura shi ne dalilin da ya sa sarakunan Turai suke gina irin waɗannan gidaje a kan dutse shi ne dai dalilin da ya sa mutanen ƙasar nan suka hau nasu: a hango abokin gaba, a kuma wahalar da shi kafin ya iso. Baƙi na zuwa daga nesa su ɗauki hoton kwaikwayon ganuwar Turai, alhali duwatsun da ke kewaye da ita sun yi aikin ganuwa na gaske, kuma ba mai ba su wannan labarin.

TO MU ME MUKE KIRANSA?

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da dutse, da tsauni, da tudu. Muna da fa ko falalen dutse ga shimfiɗaɗɗe, da kogo, da marmara ga jan dutsen da ake sara a yi gini, da tsakuwa, da jigawa, da kwazazzabo. Abin da ba mu da shi shi ne kalma guda da ta keɓanta ga dutsen da ya tsaya shi kaɗai a sarari, kuma ina ganin dalilin a fili yake. A ƙasar Zazzau da Kano da Katsina yawancin duwatsunmu haka suke. In Bahaushe ya ce dutse, irin wannan yake nufi. Wanda ya taso a ƙasar da tsaunuka ke jere, shi ne ya ga abin baƙo har ya nema masa suna.

In malamai na son abin da za su faɗa wa yara da Hausa, "tilon dutse" ya wadatar, ko "dutsen tsibiri" in ana son a bi asalin kalmar. Yaro ya riƙe ta Turancin domin jarrabawa, ya riƙe ta Hausar domin ya gane.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowane dutse a ƙasar nan yana da suna, wani ma biyu ko uku: na Adara, na Gbagyi, na Hausa, na Fulani makiyaya da ke sa shi alamar hanya. Dattawan da suka san sunayen da dalilinsu suna ƙarewa. Rashin tsaro ya sa yara ba sa hawa dutse kamar yadda muka yi muna ƙanana, manoma da yawa ma sun bar gonakin gindin dutse. Sunan da ba a kira kuwa mantawa ake yi da shi.

Ga kuma masu fasa dutse. Ba wanda ke ƙin sana'a, kuma tsakuwar da ake zuba wa titi da gini daga nan take fitowa. Amma dutsen da ya ɗauki miliyoyin shekaru kafin ya fito fili, nakiya da tifa za su iya cinye shi cikin rayuwar mutum ɗaya, tare da idon ruwan gindinsa da duk abin da ke kansa. Ya kamata 'yan uwa su sani cewa dokar ma'adinai ta tarayya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Amma al'ummar da ba ta san abin da ke kan dutsenta ba, me za ta ce a kare mata in an zauna teburin yarjejeniya?

Don haka roƙona ga 'yan uwa guda uku ne. Duk mai dattijo a gida ya zauna da shi ya tambaye shi sunayen duwatsun garinsu da abin da ya sani a kansu, ya rubuta ko ya ɗauka a waya. Wanda ke da maƙwabci ko abokin kasuwa Adara ko Gbagyi ya tambaye shi yadda suke kiran dutsen a harshensu, ya saurari abin da zai biyo bayan sunan. Malaman makaranta kuma, in an zo wannan darasi, a fito da yara ko bakin filin makaranta ne a nuna musu da yatsa, tunda gani ya kori ji.

Ita dai 'yata ta rubuta a littafinta cewa inselberg shi ne dutse tilo a sarari, misali Zuma, Kufena, da wanda ke bayan makarantarsu. Ta tambaye ni sunan na bayan makarantar, na faɗa mata na Hausa. Na yi mata alkawarin ranar kasuwa za mu je wurin wani dattijo da muke sayen doya a hannunsa, mu ji yadda su suke kiransa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu haƙurin zama da juna. Amin.

Naku,
Sakataren ƙungiya